Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman Turanci na wannan reshe ya gabatar a taron ƙara wa juna sani, kan shirin kalmomi da nahawun Turanci domin jarrabawar shiga digiri na biyu a fannin fassara



Ina godiya ga kwamitin ilimi da ya ɗora mini wannan nauyi, ko da yake a cikin zauren nan akwai waɗanda suka koyar da ni, waɗanda ya fi dacewa in zauna in saurare su. Dalilin zaɓen wannan batu a fili yake. A 'yan shekarun nan malamai da dama daga cikinmu, musamman masu koyar da harsuna, sun karkata ga neman digiri na biyu a fannin fassara, haka ma 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka gama hidimar ƙasa. Wani ƙarin girma yake nema, wani yana hangen aikin gidan rediyo, wata kuma tana son aikin tafinta a kotu ko asibiti. Dukkansu ta ƙofa guda za su bi, wato gwajin da za a auna Turancinsu da shi.

Bari in fara da kaina, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lokacin da na fara zama irin wannan jarrabawa a wata jami'a, shekarata goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a sakandare. Na shafe wata biyu ina haddar manyan kalmomi da na cika littafin rubutu da su, irin su "ubiquitous" da "ephemeral" da "recalcitrant". Da aka raba takarda, ko ɗaya daga cikinsu ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne jimla mai gurbi: "He was charged … theft." Na cike da "for", alhali "with" ake so. Sai kuma wani labarin kotu da aka ce a mayar Turanci, inda alƙali ya ba da umarnin a ci gaba da tsare wanda ake tuhuma. Na yi ta kewaye-kewaye da kalmomi goma, ga shi kuwa kalma ɗaya tak ke wannan aiki a bakin lauyoyi, wato "remand". Na faɗi. Kuɗin fom ya tafi, na mota da na masauki sun bi shi, shekara guda ta salwanta, ga nauyin komawa ɗakin malamai inda kowa ke jiran albishir.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na gano abu biyu. Na farko, na san kalmomi kowace ita kaɗai, kamar ka san sunan mutum amma ba ka san gidansu ko abokan tafiyarsa ba. Na biyu, yawancin kurakuraina ba na rashin sani ba ne. Hausa ce ke jan hannuna a wuraren da ba ta yi daidai da Turanci ba, ni kuwa ban lura ba. A kan waɗannan biyun zan gina jawabina, domin su ne suka sa na ci jarrabawar a shekarar da ta biyo.

Me ake aunawa?

Kowace jami'a da nata tsarin, don haka wajibi ne mai nema ya tuntuɓi sashen da yake so ya shiga ya ji sharuɗɗansa. A maƙwabciyarmu Kamaru, makarantar horar da masu fassara da tafintoci ta ASTI da ke Buea, wadda aka kafa a 1985, ta hanyar jarrabawar gasa take ɗaukar ɗalibai. Amma tsarin da na fi so mu duba shi ne na ƙasar Sin, saboda an shimfiɗa shi dalla-dalla, da maki a kan kowane kashi, har mutum na iya ganin abin da masu shirya jarrabawa suke ba muhimmanci.

A 2007 hukumomin Sin suka amince da digiri na biyu na musamman a kan fassara da tafinta, aka fara da jami'o'i 15. Ana zama jarrabawar shiga a ƙarshen watan Disamba, takardu huɗu, jimlar maki 500. Takardar siyasa tana da 100. Takardar Turanci tana da 100, kuma a tsarin da aka saba ana ba kalmomi da nahawu 30, karatu da fahimta 40, insha'i 30. Takardar fassara tsakanin Turanci da Sinanci tana da 150. Ta huɗu, ita ma mai maki 150, rubutu ne da harshen Sinanci tare da tambayoyin sanin duniya. Manhajar ta bukaci ɗalibi ya iya gane kalmomin Turanci fiye da 10,000.

Ku dubi lissafin da kyau. Tambayoyin canki-canka a kan kalmomi da nahawu, waɗanda yawancinmu muke ƙarar da lokacinmu a kansu, maki 30 ne cikin 500, wato kashi 6 cikin ɗari. Wannan ba ya nufin kalmomi da nahawu ba su da nauyi, domin su ne ke ɗauke da karatun da insha'in da fassarar baki ɗaya. Abin da yake nufi shi ne, an fi auna su a cikin aiki fiye da a jere. Sa'an nan ku lura cewa harshen uwa ya samu takarda sukutum tasa. Zan dawo kan wannan kafin in sauka.

Kalma da abokan tafiyarta

Kalmomi nawa mutum ke bukata? Masana sun daɗe suna auna wannan. A 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawan fitowa a Turancin yau da kullum. A 2000 Averil Coxhead ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 da ke yawo a rubuce-rubucen jami'a kowane fanni, kuma su kaɗai suna cike kusan kashi 10 cikin ɗari na irin wannan rubutu. A 2006 Paul Nation ya ƙiyasta cewa sai mai karatu ya san dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya gane kashi 98 cikin ɗari na kalmomin jarida ko littafin labari, wato kalma ɗaya ce kawai cikin hamsin za ta zama baƙuwa gare shi. Dangin kalma shi ne uwa da 'ya'yanta, kamar "decide" da "decision" da "decisive" da "indecisive".

Kada adadin ya razana ku. Malamin da ya yi digiri da Turanci ya riga ya mallaki kaso mai tsoka. Jerin Coxhead kuwa, wanda ake samu kyauta a intanet, in ka ɗauki dangi biyar a rana, kwana shida a mako, cikin mako 19 ka gama shi. Abin da ya fi yawan muhimmanci shi ne yadda za ka san kowace kalma.

Mu ɗauki misali daga harshenmu. Kalmar "ci" ƙarama ce, amma a ce baƙo ya haddace cewa ma'anarta "eat", ya tsaya nan. Yaya zai yi da cin jarrabawa, wanda a Turanci "pass" ne, da cin zaɓe, "win", da cin ƙwallo, "score", da cin amana, "betray", da cin mutunci, "humiliate", da cin tara, "fine"? Ba zai san "ci" ba sai ya san abin da ake ci. To, Turanci ma haka yake. Inda mu muke wadatuwa da "yi", Bature yana cewa "make a mistake", amma "do homework", amma "commit a crime", amma "pay a visit". Muna cewa iska mai ƙarfi da ruwan sama mai ƙarfi, shi kuwa yana cewa "strong wind" amma "heavy rain". Babu wata ƙa'idar hankali da za ta fitar maka da wannan. Al'adar harshe ce, sai dai ka ga kalmar tare da abokanta ka riƙe su a haɗe. Saboda haka kada ka sake rubuta kalma ita kaɗai a littafinka. Rubuta ta cikin jimlar da ka tsince ta, da aikatau ɗin da take bi, da ƙaramar kalmar da ke bin ta.

Abu na biyu da masu jarrabawa ke so shi ne kalmomi masu kusancin ma'ana. Za a jera maka huɗu, dukkansu ƙamus zai ce maka "kashe", a ce ka zaɓi ɗaya. "Kill" ita ce gama-gari. "Murder" kisa ne na ganganci da doka ta haramta. "Manslaughter" kisa ne wanda bai kai wancan matsayi ba, kamar wanda aka yi ba da niyya ba. "Assassinate" ana amfani da ita ga fitaccen mutum, galibi saboda siyasa. "Execute" zartar da hukuncin kisa ne. Mai fassara labarin kotu a Arewa yana da ƙarin aiki, domin kundin Final Kod ba ya amfani da "murder" da "manslaughter" a matsayin sunayen laifi. "Culpable homicide" yake cewa, ya raba shi gida biyu, mai hukuncin kisa da wanda ba shi da shi. Haka nan akwai tagwaye masu kama da juna a ido: "economic" ta shafi tattalin arziki, "economical" ta shafi tsimi, "eminent" mashahuri, "imminent" abin da ke dab da aukuwa, "imply" aikin mai magana ne da ya yi shaguɓe ko nuni, "infer" aikin mai sauraro ne da ya tsinkayo.

Wani lokaci harsunan biyu sukan yanka abu ɗaya ta fuska daban. Bahaushe ya bambanta aro da rance: ana aron abin da za a mayar da shi kansa, kamar fartanya, ana rancen abin da za a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bature bai damu da wannan ba. Abin da ya dame shi shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa: mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend". Da yake mu da ɗan sauyi a jikin kalma ɗaya muke nuna wannan, mu ce na ari biro, ara mini biro, sai ɗalibanmu su ce "borrow me your pen". Haka "koyi" da "koya wa" ke haifar da ruɗani tsakanin "learn" da "teach".

Sai kuma Turancinmu na Nijeriya. Ba abin kunya ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Nijeriya, ciki har da "Kannywood" da "next tomorrow" da "severally" da ma'anar sau da yawa. Amma mai fassara dole ya san wa yake rubuta wa. A Turancin doka, "severally" na nufin kowa a kan kansa. In yarjejeniyar bashi ta ce mutum uku sun ɗauki nauyi "jointly and severally", ana nufin ana iya bin su a haɗe, ana kuma iya kama ɗaya a ce ya biya duka. Wanda ya fassara wannan da "sau da yawa" ya jefa mutum uku cikin abin da ba su fahimta ba. Littafin David Jowitt a kan Turancin Nijeriya, wanda ya fito a 1991, yana da amfani ƙwarai wajen gane irin waɗannan wurare.

Inda Hausa ke jan hannu

Mu koma nahawu. Littafin nahawun Turanci an rubuta shi ne don kowa da kowa, daga Bajamushe har Bajapane, don haka babi-babi yake bi daidai wa daida. Kai kuwa ba ko'ina kake tuntuɓe ba. Ga wuraren da na ga Bahaushe ya fi faɗuwa, a takardun ɗalibaina da kuma nawa.

Na farko, lokaci. "Ya zo" na iya zama "he came", yana iya zama "he has come". Hausa ba ta tilasta maka ka zaɓa, Turanci yana tilastawa. In an ambaci lokacin da ya shuɗe, kamar jiya ko bara, "came" ce kawai ke shiga. Haka nan muna cewa ina koyarwa a nan tun 2015, da lokaci mai ci, sai hannu ya rubuta "I am teaching here since 2015", alhali daidai shi ne "I have been teaching". Wannan "ina" ɗin ita ce kuma ke haifar da "I am having a car" daga ina da mota, da "I am hearing you" daga ina jin ka.

Na biyu, sharaɗi. Muna cewa in ya zo zan faɗa masa. Siffar "ya zo" ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma Turanci "if he comes" yake so. A ɗaya ɓangaren Hausa taimakonka take yi, domin tana da ginin "da … da": da ya zo, da na faɗa masa. Duk inda ka ji wannan a zuciyarka, to "if he had come, I would have told him" ake nema, ko a taƙaice "had he come".

Na uku, "a" da "the". Muna da ɗafa-ƙeyar -n da -r a yaron da yarinyar, muna da wani da wata, amma ba su yi daidai da na Turanci ƙafa da ƙafa ba. Shi malami ne ba ya bukatar komai a Hausa, amma a Turanci sai an ce "a teacher". Ilimi a dunƙule "education" ne kawai, babu "the". Wani mutum kuwa "a man" ne, ba "one man" ba, sai in ƙidaya ake yi.

Na huɗu, sunayen da ba su da jam'i. Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki da hujjoji, sai mu ɗauka Turanci ma yana da su. "Advice" da "information" da "equipment" da "furniture" da "luggage" da "evidence" ba sa ɗaukar -s a ma'anarsu ta yau da kullum. Wannan tambaya ce da masu jarrabawa ba sa gajiya da ita.

Na biyar, wakilin sunan da ke dawowa. Dole Bahaushe ya ce mutumin da muka yi magana da shi. In ya cire "shi" jimlar ta karye. A Turanci kuwa sa shi ne ke karya ta: "the man we spoke with" ta cika, ƙara "him" kuskure ne.

Na shida, "an" da "aka". An gina makarantar a 1976 ba ta ambaci wanda ya gina ba. Mai gaggawa zai rubuta "they built", mai karatu ya tsaya yana tambayar su wa. "The school was built" ita ce takwararta. Haka in kana dawowa daga Turanci, kada ka ce makarantar an gina ta ta hannun gwamnati. Ka ce gwamnati ce ta gina makarantar.

Na bakwai, ƙananan kalmomin da suka kayar da ni. Harafin "a" namu shi kaɗai yana aikin "in" da "on" da "at". A zancen kotu ana cewa "accused of", "charged with", "convicted of", "sentenced to". Wasu aikatau kuma ba sa son rakiya ko kaɗan: "discuss" ba ta ɗaukar "about", "comprise" ba ta ɗaukar "of" in ita ce ke aikin kai tsaye.

Akwai kuma gine-ginen da ake ganin masu wuya ne, alhali muna da irinsu. "No sooner had he arrived than it began to rain" ba wani abu ba ne illa isowarsa ke da wuya sai ruwa ya kece. "One of the teachers has come" na rikita mutane saboda jam'in da ke kusa da aikatau, amma ka tambayi Hausarka: ɗaya daga cikin malamai ya zo muke cewa, ba sun zo ba. Duk ginin Turancin da ka samo wa takwara a Hausa, ka daina haddarsa, ya zama naka.

Yadda za a yi aikin

Na san halin da muke ciki. Malami yana da aji cike da yara, ga takardun dubawa, ga hidimar gida, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Ba zan ce ku ware awa huɗu a rana ba. Minti arba'in da biyar a kullum na tsawon wata shida sun fi kwana goma na rashin barci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farko-farko, kuma maimaici da ake rarrabawa a kan kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama guda.

Ga yadda na raba nawa lokacin. Minti goma sha biyar na farko na katuna ne. Ka yayyanka kwali, a fuska ɗaya ka rubuta jimlar Hausa, a ɗaya fuskar takwararta ta Turanci. Ka samu gwangwani uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka amsa daidai ya ƙara gaba, wanda ka kuskure ya koma gwangwanin farko komai nisan da ya yi. Wani Bajamushe mai suna Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan dabara a 1972, kuma ba ta bukatar lantarki ko data.

Minti goma sha biyar na biyu na karatu ne da biro a hannu. Sharhin jarida, rahoton lafiya, hukuncin kotu, bayanin kasafin kuɗi, duk abin da ba fanninka ba ne, domin mai fassara ba ya zaɓen abin da za a kawo masa. Daga nan katunan gobe za su fito.

Minti goma sha biyar na ƙarshe na fassarar kai-da-komo ne, kuma ita ce ta fi yi mini amfani. Ka ɗauki sakin layi na Turanci mai kyau ka mayar da shi Hausa, ka ajiye. Bayan kwana uku ka ɗauko Hausarka ka mayar da ita Turanci ba tare da ka leƙa asali ba, sa'an nan ka kwatanta. Duk inda naka ya saɓa da na asali, ka tambayi kanka: zaɓi ne ko kuskure? In kuskure ne, ka shigar da shi littafin kurakurai, ka rubuta dalilinsa. Bayan wata guda za ka ga kurakuranka ba su fi iri biyar ko shida ba, su ne ke ta dawowa da sabuwar riga. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, mai sassa 30, tana nan da Turanci da Hausa, ana iya farawa da ita, a kuma duba inda za a iya gyara Hausar.

Tambayoyin canki-canka na shekarun baya suna da nasu wuri, amma a ranar Asabar, da agogo a gaba. Kada ka tsaya ga sanin amsar da ta yi daidai. Ka iya faɗin abin da ya hana sauran ukun.

Game da littattafai, ƙamus na Turanci zalla irin na masu koyo, kamar wanda A. S. Hornby ya assasa kuma Oxford ke bugawa tun 1948, ya fi ƙamus mai harshe biyu amfani wajen gane abokan kalma, domin yana kawo jimloli. Littafin Michael Swan na 1980 a kan amfani da Turanci yana warware yawancin gardamar ɗakin malamai. A ɓangaren Hausa muna da ƙamus na Bargery na 1934, da na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Paul Newman na 2007. Ba kowa zai iya sayen su duka ba, shi ya sa zan roƙi shugabanni alfarma nan gaba kaɗan.

Kada a manta da gida

Na yi alkawarin dawowa kan takardar nan mai maki 150 ta harshen uwa. Mutanen Sin ba su ɗauka cewa wanda aka haifa da Sinanci ya iya rubuta shi ba, sai sun gwada. Mu ma kada mu yaudari kanmu. Da yawa daga cikinmu rabonmu da darasin Hausa tun ƙaramar sakandare. Muna rubuta baki inda muke nufin baƙi, kafa inda muke nufin ƙafa, fada inda muke nufin faɗa. Ba mu bambanta "a kan" ta bisa abu da "akan" ta al'ada. Muna kuma rubuta Hausa da ƙashin Turanci, mu ce ya ɗauki wanka, ko taro ya ɗauki wuri. Wanda ya fahimci Turanci sarai amma ya zuba shi cikin gurguwar Hausa, rabin aiki ya yi, kuma rabin da mai karatu zai gani shi ne gurgun.

Muna da magabata a wannan sana'a. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, duk sun sha fama da yadda za a faɗi sabon abu da tsohon harshe. Karanta rubutunsu da sauraron ƙwararrun masu fassara labarai shi ma shirin jarrabawa ne.

'Yan'uwa, abin da ya sa na tsawaita a kan "with" da "for" shi ne, bayan jarrabawa akwai mutane. Sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Wannan tafintan wataƙila ɗayanmu ne, ko ɗanmu. In bai bambanta wanda ake zargi da wanda aka samu da laifi ba, ko bai san bambancin "discharged" da "acquitted" ba, wato sallama kawai da wankewa daga laifi, to mutum zai fita kotu bai san matsayinsa ba. Haka yake ga takardar magani, da yarjejeniyar gona, da sanarwar allurar rigakafi.

Ina da roƙo uku. Ga shugabannin reshe, a duba yiwuwar sayen ƙamusoshin nan a ajiye a ofis, kowa ya zo ya duba, a kuma ci gaba da bin kadin hutun ƙaro karatu ga waɗanda suka samu gurbi. Ga masu niyyar zama jarrabawa, ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu, malamin Hausa da na Turanci a rukuni ɗaya, ku riƙa musayar takardu duk mako, domin ido ba ya ganin kansa. Ga iyalanmu kuwa, mata da maza da yara, minti arba'in da biyar ɗin nan a hannunku suke. In maigida ko uwargida ta zauna da gwangwanayenta, a rage mata hidima, a ja yara gefe, ko ma a ba yaron katin ya riƙa yi mata tambaya. Ni 'yata ce ta riƙa yi mini, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma har yau ba ta taɓa cewa "borrow me" ba.

Allah Ya ba masu nema sa'a, Ya sa abin da za su koyo ya amfani ɗalibanmu da jama'armu.